Zanen Yini Guda

A ƙauyenmu na Sitawka, inda Poland ta ƙare Belarus ta fara, rafi ne ya raba ƙasashen biyu, kuma rafin ba wani na a zo a gani ba ne. Da rani, mai ƙarfin hannu kan jefa dutse ya faɗa wancan gefe. Wata tsohuwar ƙauyenmu, Taisa, takan ce ta girmi wayar ƙarfe mai ƙaya da aka shimfiɗa a bakinsa, ta girmi fitilun da ke haska shi, iyakar ce kawai ta girme ta, ita ma da 'yan shekaru. Ranar da aka ja iyakar, uwar Taisa tana wannan gefe tana shanyar ramar da ake yin lilin da ita, ƙannen uwar biyu suna wancan gefe suna tonon dankali. Daga ranar ba su ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. Sai dai su fito bakin ruwa da yamma, kowa ya tsaya a nasa gaɓar kamar mai wanki, su kalli juna su koma.

Da ƙarar masaƙa Taisa ta tashi. Kafin ta iya rubuta sunanta ta iya kaɗi, kafin ƙafarta ta kai ga sandunan takawa ta iya jefa ƙoshiyar saƙa. Da ta zama budurwa ta tafi Bialystok, ta yi shekaru a masana'antar tufafi, inda injuna suka cinye mata jin kunnen hagu. A can ta haɗu da Bazyli, masassaƙi ɗan ƙauyensu da ba ta taɓa kula shi a gida ba, sai da baƙunta ta sa muryarsa ta yi mata daɗi. Suka dawo Sitawka, suka haifi ɗa guda, Leonid. Bazyli ya rasu a wata shekara mai tsananin sanyi, ya bar wa ɗansa gatari da shiru, ya bar wa matarsa gida mai shuɗin tagogi da sheƙar shamuwa a kan rufin rumbu.

Taisa mace ce 'yar ƙarama, mai yatsu kamar saiwar itace. Ba ta ɗaga murya. Idan ta ƙudurta abu, sai ta ja bakin ɗankwalinta ta ƙara ɗaure shi a ƙarƙashin haɓa, wanda ya san ta kuwa ya san magana ta ƙare.

A bazarar da nake ba ku labarinta, rediyo ya fara maganar sojojin haya. Aka ce an kawo su an zube a wani sansani can bayan rafi, mutanen da yaƙi ne sana'arsu kamar yadda noma yake sana'ar wani, ba su da tuta sai ta wanda ya biya. Motocin soja suka cika hanyar ƙauyenmu, har kaji suka daina tsorata da su. Jami'ar da ke kula da masu tsaron iyaka a yankinmu, Laftanar Marzena, ta tara mu a ɗakin 'yan kwana-kwana. Yarinya ce doguwa, idanunta sun yi ja don rashin barci. Ta ce mana wannan rafi ba iyakar Poland kaɗai ba ne, iyakar ƙawancen NATO ne, wanda ya taɓa ɗaya a cikinsu ya taɓa duka. Ta ce za a tsokane mu, za a zage mu, za a yi duk abin da zai sa wani a wannan gefe ya hasala.

"Harsashi ɗaya suke nema daga wajenmu," in ji ta. "Ɗaya tak, a gaban waya mai ɗaukar hoto. Ranar da suka samu, ba ni ce zan yanke abin da zai biyo baya ba, ba ku ba ne kuma. Abin da na sani shi ne za a kwashe ƙauyen nan, wanda ya yi harbin kuwa ba zai ƙara ganin rafin nan ba."

Ba a daɗe ba suka fara fitowa. Kullum idan rana ta yi sanyi sai a ga 'yan maza a wancan gefe, fuska a rufe, kakinsu ba alama. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa sojojin hayar ne, ko wasu ne suka ari kamarsu. Harshensu dai ba irin na dangin Taisa na ƙetaren rafi ba ne, daga nesa ya fito. Su yi ihu, su yi jifa, su saita bindiga su sauke suna dariya.

Sai wata safiya aka tarar da karsanar Leonid a makiyayar bakin rafi, a kwance, da huda a wuya. Malina yake kiranta. Shi ya karɓi haihuwarta da hannunsa, shi ya shayar da ita da bokiti lokacin da uwarta ta ƙi ta. Tun da matarsa ta tafi aikatau Belgium, 'ya'yansa suka watse birane, da ita yake hira da safe. Masu bincike suka zo suka auna, suka ɗauki hoto, suka ce ba a iya tabbatar da komai ba. Marzena ta rufe makiyayar, ta ce kada kowa ya ƙara zuwa wajen.

Leonid bai yi kuka ba, bai yi zagi ba, abin da ya tayar wa uwarsa hankali ke nan. Mutum ne da ya haura hamsin, masassaƙi kamar ubansa, kuma maharbi mai lasisi, wanda ba a san shi da kuskuren saiti ba. Ta taga Taisa ta gan shi zaune a ƙofar rumbu, ya kwance bindigarsa ya shimfiɗa a kan buhu, yana goge ta a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Da ta je kanti sayen gishiri, matan da ke wajen suka yi shiru, sai ta gane labarin ya riga ta zuwa. Mai kanti ne ya gaya mata a ɓoye: Leonid ya ce ran Asabar, in rana ta yi sanyi, zai bi ta cikin dajin bayan gari ya je ya gaisa da masu rufe fuska.

Ta same shi a rumbun. Ta gaya masa duk abin da uwa kan gaya wa ɗa: ta tuna masa 'ya'yansa, ta tuna masa kabarin ubansa da ba mai share shi in an kwashe gari, ta ce waɗancan masu neman kuka ne, kada ya zama shi zai jefe su da kashin awaki. Ya saurara, kansa a sunkuye.

"Mama, kin gama?"

"Ban gama ba, Lonia," in ji ta, da sunan da take kiransa tun yana yaro.

"To ni na gama ji. Yau karsana ce, gobe ke ce a bakin rijiya."

Ya ci gaba da gugarsa. Ta tsaya tana kallon hannayensa, manya, masu kanta, ba sa iya zama ba aiki. Tun yana yaro haka suke. In ba a ba su abin riƙewa ba, su za su nemo wa kansu. Ta ja bakin ɗankwalinta ta ƙara ɗaure shi.

Tana iya zuwa ta gaya wa Marzena, a zo a karɓe bindigar, a tafi da shi. Ta yi tunanin haka har ta sa takalmi, sannan ta cire. Ɗan da uwarsa ta kai ƙara ba ya dawowa gida ko an sake shi. Maimakon haka sai ta jingina tsani ta hau saman ɗaki, inda damman rama suke rataye tun shekarar ƙarshe da ta shuka ta, an jeme an taje, sun yi launin gashin tsohuwa. Ta shafa su, ƙura ta tashi a cikin hasken da ke shigowa ta tsagar rufi.

Akwai wata tsohuwar al'ada a wajenmu. Idan annoba ta tunkaro gari, ko yaƙi, matan gari kan taru tun fitowar rana, su kaɗa zare, su yi wadari, su saƙa zane, duk a yini guda, a gama kafin rana ta faɗi. Mazan kuma su sare itace su sassaƙa sabon gicciye a wannan yinin. Da yamma a kora shanu su wuce ta ƙarƙashin zanen, a zagaya gari da shi, a kafa gicciyen a bakin gari a ɗaura masa zanen. Kuma daga lokacin da aka ɗaga gicciyen a kafaɗa ba ya taɓa ƙasa sai a cikin raminsa. In ya taɓa, aikin yinin ya tashi a banza. Uwar Taisa ta yi wannan saƙa a shekarar da yaƙi ya ratsa nan. Taisa kanta sau ɗaya ta gani, tana yarinya, lokacin wata cutar shanu.

Ta fara da Wiera, maƙwabciyarta, wadda suka shekara sittin suna faɗa da shiri a kan katanga ɗaya. Wiera ta saurara tana ɓare wake, sannan ta ɗaga yatsunta da sanyin ƙashi ya murɗe.

"Ke tsohuwa, da waɗannan kike so in kaɗa zare? Ko maɓallin riga sai na roƙe shi."

"Bakinki dai lafiyarsa ƙalau. Ki lashi zaren, wata ta murza."

"Kuma masu bindigar, da suka ga tsumma sai su gudu?"

"Ba don su zan saƙa ba."

Wiera ta dube ta, ta dubi rumbun Leonid ta saman katanga, ta ajiye kwanon waken. Ta ce keken kaɗinta yana ɗakin kaji, kaza na kwanci a kansa, amma za ta sallame ta.

Kafin yamma sun bi gida-gida. Matan da suka rage a Sitawka ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma ƙaramarsu ta yi jika. Limamin coci ya ɗan yamutsa fuska, ya ce wannan abu ya girmi cocin kansa, amma zai zo ya yi addu'a. Jemila, Musulma 'yar ƙabilar Tatar daga ƙauyen gaba, wadda suka yi aikin masana'anta tare da Taisa, ta aiko cewa gicciye ba nata ba ne, amma zare ba shi da addini, za ta zo da kekenta.

Marzena ce ta fi wuya. Tsohon gicciyen gari yana bakin makiyayar da ta rufe, jifa ɗaya daga ruwa, gindinsa ya ruɓe har ya karkata, kuma nan ne wurin sabon. Da Taisa ta nemi izini, Marzena ta ce a'a, ta sake cewa a'a. Taisa ba ta yi gardama ba, ta dai zauna a kan bencin ofishin, hannu a cinya, har aka canja masu gadi. Daga ƙarshe ta ce mata mutanen gari sun cika sun batse, in ba a ba su abin da za su yi da tsoronsu ba, za su nemi abin yi da kansu. Marzena ta murza idanunta, ta kira na sama da ita a waya, ta daɗe tana magana. Ta dawo ta ce an yarda, ran Asabar, da sharaɗin sojojinta za su raka su, kuma ko wuƙar yanka burodi kada ta gani a hannun kowa.

Leonid kuwa ko musu bai yi ba. Da ta ce masa babu wani masassaƙi a gari sai shi, sai ya tambaya a ina za a kafa. Ta ce a makiyaya. Nan take ya ce to. Saurin amincewarsa ya tsorata ta, don ta gane abin da ya hango: ta buɗe masa hanyar da aka rufe, ba sai ya bi daji ba. Da asubar Asabar, tana ɗibar ruwa, ta gan shi ya tura wani dogon abu naɗe da buhu a ƙarƙashin ingiricin da ke cikin amalanken da zai ɗauki shebur da diga. Ta ɗauke kai kamar ba ta gani ba. Ita ta kai shi bakin ramin, yanzu ita za ta tsallakar da shi.

Rana na leƙowa ta bayan daji kekunan kaɗi suka fara kuka a tsakar gidan Taisa. Shekaru sun yi musu tsatsa, su da masu su. Zaren farko ya fito da kauri a nan, siriri a can, kamar hanjin kaza. Wiera ta ce in aka saƙa wannan, shanu ma za su ji kunyar wucewa ta ƙarƙashinsa. Jemila ta ce ta rufe baki ta lasa. Aka yi dariya, kuma a cikin dariyar yatsu suka fara tuna abin da kai ya manta. Wata ta ɗauko waƙar kaɗi ta dā, wadda ba a ji ta ba tun mutuwar iyayensu, sauran suka amsa da muryoyin da suka dushe. Daga bayan gari kuma ana jin gatarin Leonid yana sauka a jikin itace mai taurin ƙirya, bugu bayan bugu, ba gaggawa.

Taisa tana jin gatarin da kunnenta mai kyau. Muddin yana bugawa, ta san inda hannayen ɗanta suke.

Rana ta take tsaka ba su gama wadari ba. Zaren ya yi ta tsinkewa wajen zura shi a allerar masaƙa, idanun da za su ga ramukan kuwa duk sun yi hazo. Taisa ta auna inuwar rijiya, ta auna zaren da ke hannu, ta ga in ta nace sai ya kai tsawon na uwarta, dare zai same su. Ta sa aka rage. Wata ta ce zai yi gajere. Taisa ta ce gajeren da aka gama ya fi dogon da ke kan masaƙa. Ta hau ta zauna, ta taka, ta jefa ƙoshiya, ta buga. Ba ta tashi ba, ba ta sha ruwa ba sai wanda Jemila ta kafa mata a baki. Bayanta ya ƙage, ƙafafunta suka kumbura a cikin safa, ta ci gaba. Da ta yanke zanen daga masaƙa, saura kamu ɗaya rana ta taɓa kan itatuwa. Ya fito toka-toka, da ƙulli a ko'ina, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. A duk rayuwarta ba ta taɓa saƙa abu mummuna kamarsa ba, ta rungume shi a ƙirji.

A bakin gari aka taru. Mata biyu suka ɗaga zanen, aka koro shanun da suka rage suka wuce ta ƙarƙashinsa suna hura hanci. Gicciyen yana kwance a kan gungume biyu, fari, yana ƙamshin ɗanyen itace, tsawonsa ya kai na mutum biyu. Maza huɗu suka matso za su ɗauka, cikinsu har da tsoho Anatol, wanda ya haura saba'in amma ya rantse ba za a bar shi a baya ba. Leonid ya goge hannunsa a wando, ya nufi amalanke, ya kama linzamin doki.

"Lonia," in ji Taisa, yadda kowa zai ji. "Wanda ya sassaƙa shi ke ɗaukar kai. Haka ake yi tun kakanni."

Ya tsaya da linzami a hannu. Ya ce shi bai taɓa jin wannan ba. Mutane suka dubi juna, don ba wanda ya taɓa ji. Wiera ta dubi Taisa, ta ga ɗaurin ɗankwalin, sai ta gyara murya.

"Yo kai ina za ka ji, lokacin ko wandonka ba a yanka ba? Da idona na ga kakanka ya ɗauka. Ko so kake a ce jikansa doki ya ja?"

Aka yi 'yar dariya. Leonid ya dubi uwarsa, ta dube shi. Ya miƙa wa mai kanti linzamin, ya je ya sa kafaɗarsa a inda itatuwan biyu suka haɗu, wurin da nauyin ya taru. Anatol ya shiga bayansa. Suka ɗaga.

Taisa ce a gaba, zanen a shimfiɗe a kan hannayenta, limamin yana gefenta, mata suna waƙa a baya, amalanke na biye dab da masu ɗauka. Suka zagaya gari, suka gangara makiyaya. Sojoji suka janye shingen suka jeru a gefe, Marzena tana tsakiyarsu. Ciyawar ta yi tsawo don ba a kiwo, shamuwa sun taru a cikinta da yawa suna shirin tafiyarsu ta shekara. Hasken yamma ya kwanta a kan ruwa kamar narkakken man shanu.

Suna can kuwa, a wancan gefe, fuska a rufe. Da suka ga jerin mutane sai suka matso bakin ruwa. Ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka. Wani ya haɗa hannayensa a baki ya yi kukan saniya, mai tsawo, sauran suka bushe da dariya. Ya sake yi. Sannan ya yi kira da gurɓataccen harshenmu, ya ce ina mai karsana, an ce maharbi ne, ko bindigar tasa ma mace ce?

Waƙar mata ta yi rawa, amma ba ta tsaya ba. Saura kaɗan a kai ramin da aka haƙa wa gicciyen, sai ƙarar bindiga ta tsaga yammacin. Sama aka harba. Shamuwa suka tashi gaba ɗaya, fukafukansu suna kaɗawa kamar ana kakkaɓe shimfiɗu. Doki ya zabura, mai kanti ya riƙe shi da kyar, amalanken ya gangaro har ya kusa gogar cinyar Leonid. Aka ji muryar Marzena, ƙasa-ƙasa, tana gaya wa yaranta kada wanda ya motsa yatsa.

Taisa ta juya. Ta ba wa rafin baya, ta ba wa bindigogin baya, ta fuskanci ɗanta. Ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta ga idonsa a kan ingirici, ta ga hannunsa na dama ya fara sassauta riƙo. Gicciyen ya ɗan karkata, Anatol ya yi nishi.

"Anatol yana bayanka, Lonia," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "In ka saki, ƙugunsa ne zai karye. Yatsun matan nan kuma sun fashe tun safe. Ga ramin can. Kai shi."

Aka sake kukan saniya daga ƙetare. Leonid ya rufe ido. Taisa ta fara tafiya da baya, taki ɗaya, ta tsaya, idonta a cikin nasa, kamar lokacin da take koya masa tafiya a tsakar gida. Ya buɗe ido, ya gyara kafaɗa, hannun ya koma ya damƙe itacen. Ya tako. Ta ƙara ja da baya, ya ƙara takowa, har dugaduganta suka ji sabuwar ƙasar bakin rami.

Aka zura gindin gicciyen, aka tayar da shi tsaye. Kafin Leonid ya sauke numfashi ta ɗora masa zanen a hannu, ta ce duk ya fi su tsawo, shi zai ɗaura. Ya ɗaura. Ta ce ƙullin bai yi ba, iska za ta kwance, ya sake. Da ya gama, Wiera ta riga ta zaro shebur daga amalanke ta miƙa masa. Ya yi ta zuba ƙasa yana dannawa da ƙafa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, uwarsa tana nuna masa inda bai dannu ba. Limamin ya yi addu'arsa. Mai waya a wancan gefe ya daɗe yana ɗauka, bai samu komai ba sai tsofaffi da tsumma da mutum mai cike rami. Ya sauke hannu. Da rana ta nutse suka juya suka shige cikin itatuwa, ɗaya yana waiwaye yana zagi.

Wajen komawa Taisa ta ce ƙafafunta sun ƙi, a ɗora ta a amalanke. Ta zauna daram a kan ingiricin, ta baza siket ɗinta. Da suka zo wucewa ta shinge, Marzena ta tsaya a gefen amalanken, ta dubi ingiricin, ta dubi tsohuwar, ta daɗe.

"Iya, wurin zaman bai yi miki tauri ba?"

"Ya ishi tsohuwa, 'yata. Gida za ni da shi, kuma a gida zai zauna."

Marzena ta dubi Leonid, wanda ke tafe a baya da shebur a kafaɗa, kansa a ƙasa. Ta matsa ta ba su hanya.

Washegari da hantsi ya shigo ɗakin girkin uwarsa. Ya ajiye wani ɗan makulli a kan tebur kusa da burodi, na akwatin ƙarfen da doka ta ce a riƙa kulle bindiga a ciki. Ta ɗauka ta jefa a aljihun gaban rigarta. Ta zuba masa miyar dankali. Ya ci rabi, sannan ya tambaye ta, wannan dokar ta masassaƙi da ɗaukar kai, tun yaushe aka kafa ta.

"Tsohuwa ce," in ji Taisa. "Yau kwananta ɗaya."

Ya yi wani sauti ta hanci, wanda a wajen ɗan Bazyli dariya ce.

Masu rufe fuska ba su daina fitowa ba. Wani makon su ɓace, wani makon su dawo, rediyo kuma yana ta faɗin abin da yake faɗi. Shamuwa suka tafi, zanen ya sha ruwan kaka ya yi duhu a jikin gicciye. Taisa ta san makulli a aljihu ba ya kulle zuciya, ta kuma san saman ɗakinta ya zama wayam, ko damin rama ɗaya bai rage ba. Don haka da ƙanƙara ta narke, ƙasa ta fara numfashi, ta kira Leonid ta nuna masa filin bayan rumbu, wanda ya shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, ta ce ya kafta mata shi, rama za ta shuka.

Ya dubi filin, ya dubi yatsunta. Ya ce a shekarunta wa zai cire, wa zai jeme, wa zai taje?

Ta ce shi. Ta ja bakin ɗankwalinta ta ƙara ɗaure shi, ta tafi neman iri.